Daraktar Da Ba Ta San Hanyar Ofis Ba

Auta tana shanya kayan makarantar 'ya'yanta a igiyar tsakar gida aka yi sallama a ƙofa. Mace ce doguwa, da tabarau, da baƙar jaka rataye a kafaɗa. Ba ta yi kama da mai talla ba, ba ta kuma yi kama da wadda ta zo zumunci ba. Ta gaishe da mutanen gida, sannan ta ce daraktar kuɗi ta kamfanin kifi take nema.

"Ai kin yi ɓatan kai, baiwar Allah," in ji Auta. "Kamfani na Yayanmu ne, yana can bakin babban titi. Nan gida ne."

"Daga can nake. Su suka ce a nan zan same ta."

Matar ta buɗe jaka, ta karanto suna cikakke, har da na uba. Rigar da ke hannun Auta ta ci gaba da ɗiga a kan ƙafarta. Sunanta ne.

Dariya ta fara yi. "Ni? Darakta? Ni malamar 'yan aji ɗaya ce. Abin da nake shugabanta a duniya bai wuce yara masu majina ba."

Baƙuwar ba ta taya ta dariyar ba. Ta nemi wurin zama, suka zauna a kan bencin da ke kusa da famfo.

"Aikina binciken lissafin kamfanoni ne," ta ce. "Idan banki ya ba da bashi, daga baya ya fara jin wari, ni ake kira in bi warin."

Ta yi bayani a hankali, kamar mai karanta wa mara lafiya sakamakon gwaji. Kamfanin Yaya yana sayo kifi daskararre, ya adana a ɗakunan sanyi, ya sayar wa 'yan kasuwa. Duk ƙarshen shekara yana kai wa banki rahoton lissafi, rahoton kuma cewa yake ɗakunan cike suke maƙil, ciniki sai gaba yake. Da wannan rahoto banki ya ba da bashi, ya ƙara, ya sake ƙarawa.

"Takarda ba ta gardama, Malama, abin da aka ɗora mata shi take ɗauka. Shi ya sa ba ita nake fara tambaya ba. Na je wurin masu wutar lantarki. Wutar da kamfanin ya sha bara ba ta isa ta riƙe ɗaki ɗaya da sanyi ba, balle duka. Na ce ƙila janareto ne, na duba man da aka saya, shi ma bai kai ba. Kifi kuwa ba ya zama a ɗakin da babu sanyi. Sai na bi shagunan da aka rubuta su ne manyan masu saye. Ɗaya wurin wankin mota ne. Ɗaya fili ne, awaki na tarar a ciki."

"To ni ina ruwana da awaki?"

Matar ta juya takardun zuwa shafin ƙarshe, ta ɗora yatsa. Sa hannun Auta ne, da 'yar lanƙwasar nan da take yi a ƙarshe tun tana sakandare. Haka a na bara, haka a na bara waccan.

Auta ta san takardun. Yaya kan shigo da takardu a naɗe, wurin sa hannun kawai a buɗe, ya same ta tana girki ko tana duba aikin yara, ya ce, "Sa mana albarka a nan, Auta." Ta goge hannu a zani ta sa.

"Kin karanta kafin ki sa hannu?"

"Yayana ne fa. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

Matar ta miƙe, ta ajiye mata ɗan kati mai lambar waya a kan bencin.

"Abu ɗaya zan gaya miki, ki kwana da shi. Na karanta rahotannin nan tun daga bango har bango. Sunan Yayanki babu a ko'ina."

Kafin Yaya ya dawo da la'asar labari ya riga shi. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Anti, ta ga komai ta tagar bene, ta buga masa waya tun baƙuwar ba ta kai titi ba. Ya shigo da fara'arsa kamar kullum, da ledar lemo a hannu, ya wuce ɗakin mahaifiyarsu, Inna, ya aika a kira Auta.

"An ce kin yi baƙuwa."

"Yaya, mene ne nake sa wa hannu?"

"Takardun kamfani mana. Zauna, kin tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

Ta zauna a bakin gadon Inna. Ya ɗauki lemo yana ɓarewa.

"Ta ce ɗakunan sanyin babu komai a ciki."

"Ita ta gina su? Auta, kasuwa ba aji ba ce. A ajinki biyu da biyu huɗu. A kasuwa biyu da biyu abin da banki ke son ji ne. Duk wanda kika gani da babbar mota haka yake yi. Bankin ma ya sani, sabon manaja ne kawai yake neman suna."

"To me ya sa sunanka babu?"

Hannunsa ya tsaya a kan lemon. Tsayawar kaɗan ce, amma ta gani.

"Wa ya ce miki babu?"

"Ita."

"Ita. Daga zuwa ɗaya har ta zama 'ita'. Ke kuma me kika gaya mata?"

"Ban ce komai ba."

"Kun daɗe a kan bencin nan, in dai har babu abin da aka ce."

Inna ta karɓi ɓarin lemo daga hannunsa, ba ta dubi Auta ba. "Ke dai ki iya bakinki. Baki shi ke yanka wuya. Tun da mijinki ya rasu wa ya kwaso ki da marayunki ya ba ki ɗaki? In ɗan'uwanki ya ce ki bar masa abu, ki bar masa."

Daga ranar gidan ya canja. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata murya. Sai dai in ta shigo falo hira ta mutu, a koma zancen zafin gari. Anti, wadda tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa ganin ta da tsintsiya a ƙasan bene ba, ta tsiri share ƙofar ɗakin Auta safe da yamma, musamman in waya ta yi ƙara a ciki. Auta za ta kife wayarta a kan katifa ta shiga wanka, ta fito ta tarar fuskar wayar tana kallon sama.

Wata rana 'yarta ta shigo tana tsotsar alewa.

"Wa ya ba ki?"

"Anti. Ta ce in mai tabarau ta kira ki in je in gaya mata, za ta ƙara mini."

Auta ta karɓi alewar, ta duba ta, ta mayar wa yarinyar. Me alewa ta yi?

Ƙarshen wata ta je na'urar banki, kati ya ƙi. Ta shiga ciki. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta dubi Auta, ta rage murya: an kulle asusun, umarni ne daga sama, tunda sunanta yana kan bashin kamfanin. Albashinta na koyarwa yana ciki, tana hangensa a allo kamar abinci a bayan gilashi.

Ba a jima ba shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta tura ƙofa.

"Malama, ni ban ce kin yi ba. Amma iyayen yara sun fara kira. Kin san makarantar kuɗi, da suna take rayuwa. Ki ɗan huta."

"Har yaushe?"

"Har mu ga abin da Allah zai yi."

Tana tattara kayanta a aji wata abokiyar aikinta ta matso kamar mai taya ta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Abin da ake faɗa a gari shi ne Yayanki ya tausaya miki, ya damƙa miki kuɗin kamfani, kika yi ta'adi da su. An ce ma har asibiti ya kwanta don baƙin ciki."

Yaya ko ciwon kai bai yi ba. Auta ta taho gida tana juya maganar. Mai binciken ba ta san makarantar ba. Banki ba ya bin gidaje yana ba da labari. Maganar nan daga inuwa ɗaya ta fito, kuma a wannan inuwar ita kanta take kwana.

Sai ta fara kallon gidan da sabon ido. Babbar motar Yaya ta ɓace, ya koma shiga wata tsohuwa mai hayaƙi, ya ce waccan tana wurin bakanike. Wata safiya motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofa, aka sauko da kujerun Anti da talabijin da firinji daga bene.

"Anti, ƙaura za a yi?"

"Gyara za a kai su."

"Duka rana ɗaya suka lalace?"

Anti ta yi murmushi. "Kin fara aikin ƙawarki ke nan? Saura tabarau."

Ran da aka kira ta falo ta tarar da mutum uku: Yaya, da Kawu ƙanen Inna, da wani siririn lauya da turarensa ya cika ɗakin. Takarda ɗaya ce a kan tebur, da biro a kanta.

"Ƙanwata, abin nan bai kai ya kawo ba," in ji lauyan. "'Yar takarda ce za ki sa wa hannu, mu kuma mu ji da sauran."

Auta ta ɗauki takardar ta fara karantawa. Lauyan ya dubi Yaya. Yaya ya dubi silin.

An rubuta cewa ita kaɗai ta shirya alƙaluman rahoton, cikin rashin ƙwarewa, ba da sanin kowa ba, kuma tana neman afuwa.

"Ni ko kunna kwamfutar kamfanin ban iya ba. Ban ma san ta wace ƙofa ake shiga ofishin ba."

"Shi ne ai rashin ƙwarewar," in ji lauyan. "Ki fahimce ni. Namiji in ya tsaya gaban alƙali da irin wannan, ɗauri ne. Mace kuwa, mijinta ya rasu, ga marayu, ba ta taɓa laifi ba? Gargaɗi ne, in ya yi tsanani tara. Tarar kuma Yayanki zai biya."

"Ka tabbata?"

"Tabbas na Allah ne."

"To in aka ɗaure ni fa?"

"Kul!" Kawu ya ɗaga hannu. "Daina yi wa kanki mugun baki. Auta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matar nan baƙuwa ce, gobe ta gama aikinta ta tafi, ku kuwa kuna nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Kawu, a cikinmu wane ne hannun? Don ni dai na ga wuƙar ni take fuskanta."

Yaya ya miƙe tsaye. Fara'ar ta tafi gaba ɗaya.

"Ni don wa na yi? Caca na yi da kuɗin? Rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa, maganin Inna, kuɗin makarantar marayun nan, daga sama suke faɗowa? Kin ci, 'ya'yanki sun ci. Yau da aka zo wanke kwano kowa ya ce hannunsa na ciwo!"

"Ban san abin da nake ci ba, Yaya."

"Da kin sani za ki tofar?"

Ta ajiye takardar. Ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani.

"Yi tunani," in ji shi. "Amma tunani ba ya cika ciki."

Bai yi ƙarya ba. Abincin da ake saukowa da shi daga tukunyar gida ya fara zuwa a makare, daga baya ya ragu, daga baya aka ce an manta. Aka cire wayar wutar da ta shiga ɗakinta, wai tana jan mita. Direban da ke kai yaran gidan makaranta ya ce mota ta cika, alhali yara biyu ne a baya. Auta ta fara sayar da zannuwanta ɗaya bayan ɗaya ta hannun wata maƙwabciya. Ta rame har zobenta ya fara zamewa. In ta ji takun mutum a bayan taga sai ta yi shiru ko da addu'a take.

Inna kaɗai ta rage mata. Kullum da hantsi ita ke shafa wa tsohuwar man zafi a gwiwa, wannan kam ba wanda ya yi mata takara a kai. Wata safiya tana shafawa ta ce, "Inna, tsakani da Allah, kin san abin da ke cikin takardun nan?"

"Ni boko na yi?"

"To me ya sa bai sa sunan matarsa ba? Ita ta fi kusa da shi."

"Ya so. Ni na hana."

Hannun Auta ya tsaya.

"Yarinyar nan danginta masu baki ne," Inna ta ci gaba, idonta a lumshe, kamar mai ba da labarin yadda ta ƙulla wani alheri. "Ga 'yan'uwa maza kamar ƙasa. In wani abu ya taso za su tsaya su ga an taɓa ta? Da sun tona mana asiri har tsakiyar kasuwa. Na ce ya sa naki. Ke tamu ce. Naka sai naka."

"In wani abu ya taso," Auta ta maimaita. "Ashe tun lokacin an san wani abu zai taso."

"Kada ki juya mini magana."

Auta ta tuna takardar farko. Tana zaune a wannan ɗakin, kwanakin rasuwar mijinta, ido ya kumbura ba ta ko ganin rubutu. Ta zaci ta asibiti ce. Inna ce ma ta riƙe mata jaririn don ta samu hannun rubutu.

"Inna, ni ba ke kika haife ni ba?"

"Ji wata magana! Shi kaɗai ne namiji, Auta. In ya faɗi duk mun faɗi. Ke in kin faɗi akwai mai ɗaga ki."

"Wa?"

Inna ta buɗe ido, ta dubi bango. "Matsa mini nan. Ta hagun ce ta fi damuna."

Auta ta matsa mata. Ta gama, ta rufe kwalbar man, ta wanke hannu. Washegari ta raka yara makaranta da ƙafa, ba ta juyo gida ba. Ta hau bas tana waige, duk wanda ya hau bayanta sai ta ga kamar ta taɓa ganinsa a motar Yaya.

Ofishin mai binciken yana saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya, kwalaye cike da fayil har kusa da taga, fanka tana juyawa da ƙara. Matar ta ba ta kujera da ruwa, ta jira ta sha.

"Kafin in ce komai," in ji Auta, "ke ma don banki kike yi, ba don ni ba."

"Gaskiya ne, su ke biyana. Amma kuɗinsu suke nema, kuma ba a wurinki suke ba. Wanda ya haɗiye miliyoyi ba ya zuwa da takalmin da aka ɗinke sau biyu."

Auta ta ja ƙafarta ƙarƙashin kujera.

"Kuɗi suna da sawu kamar mutum," matar ta ci gaba. "Na bi su. Daga banki sun shiga kamfani, daga kamfani sun shiga asusun wurin wankin motar nan da sunan an mayar masa da rarar ciniki, daga can suka fita suka sayi gida da sunan ƙanen matar Yayanki. Rahotannin kuma na san a kwamfutar da aka buga su, na san ranakun. Ranakun aiki ne, da safe, lokacin da kike gaban allo. Abin da ba ni da shi shi ne mutum. Takarda tana nuna hanya, amma sai ɗan Adam ya tsaya ya ce ga wanda ya kawo mini."

"In na faɗa, na fita?"

"Ba zan yaudare ki ba, Malama. Hannunki hannunki ne. Doka ba ta san 'Yayana ne' ba. Gaskiya za ta rage miki nauyi, ba za ta sauke shi duka ba. Amma in kika sa hannu a waccan da suka ba ki, kin ɗauki naki da nasa, ni kuma kin ɗaure mini hannu."

Tun da abin ya fara, wannan ce magana ta farko da aka gaya mata babu zuma a kai. Ita ce kuma ta yarda da ita.

Ta faɗi komai: takardu a naɗe, "sa mana albarka", motar da ta ɓace, kujerun da aka kai gyara, lauya da takardarsa. Matar tana rubutawa. Can ta ɗago.

"Ban da shi, akwai wanda ya san an sa sunanki don wannan dalilin?"

Fanka ta yi ta juyawa. Auta ta dubi tafin hannunta, har yanzu da ɗan ƙamshin man zafi.

"Rubuta abin da na gani da idona. Yaya ne ke kawo takardun."

Matar ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta mayar da kai ta rubuta haka.

Da Auta ta dawo da rana ta tarar da kayanta a bakin ƙofar gida, an ƙulle su cikin zannuwan gado, 'ya'yanta suna zaune a kai da kayan makaranta a jikinsu. Ƙofar ɗakinta da sabon kwaɗo. Ba ta san wanda ya bi ta ba, har yau ba ta sani ba.

Anti ta leƙo ta tagar bene. "Yayanki ya ce fenti za a yi wa ɗakin."

Ƙofar Inna a rufe take. Auta ta yi sallama sau biyu. Tana jin rediyo a ciki, sai ta ji an ƙara masa murya.

Shari'ar ta ɗauki lokaci. Auta ta tsaya gaban alƙali ta maimaita abin da ta faɗa, Yaya yana zaune gefe da fararen kaya yana girgiza kai kamar wanda aka zalunta. Ba a ɗaure ta ba, amma an ci ta tarar sakaci, sunanta ya shiga kundin kotu, makaranta kuma ba ta sake kiranta ba. Tarar da aka ce Yaya zai biya, sarƙar da mijinta ya bar mata ce ta biya. Banki ya karɓe gidan da aka saya da sunan suruki. Shi Yaya beli ya samu, lauyansa kuma ya iya neman a ɗage zama: yau ba shi da lafiya, gobe wata takarda ba ta iso ba. Yana nan yana shiga jama'a, ana matsa masa wuri, ana yi masa jaje.

Auta ta kama ɗaki ɗaya a bayan shagon mai faci. Da yamma tana tara 'ya'yan maƙwabta a tabarma tana koya musu karatu, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba ya zauna.

Tana cikin wannan Kawu ya kira, wanda tun ranar falo bai sake neman ta ba. Inna tana asibiti, hawan jini ya kayar da ita, tana ta kiran Auta.

Ta ajiye allin ta tafi. Ta tarar da tsohuwar ita kaɗai a gadon ƙarshe kusa da taga, baki ya ɗan karkace, zanin gado a jiƙe. Yaya yana da uzuri. Anti ba ta jure warin asibiti. Auta ta nemi ruwa ta goge mata jiki, ta canja mata zani, ta ɗaga kanta ta ba ta ruwa da cokali. Inna ta kama hannunta ta riƙe gam, hawaye na bin gefen idonta. Auta ta sunkuya, don ta daɗe tana jiran kalma ɗaya.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Lauya ya ce in kika koma kika ce ruɗewa kika yi, za a sassauta wa Yayanki."

Auta ta ɗago. Sannan ta gyara wa tsohuwar matashi, ta ja mata mayafi zuwa ƙirji.

"Ban ruɗe ba, Inna."

Inna ta saki hannun, ta juya fuska bango.

A unguwar har yau in zancen ya taso tambaya ɗaya ake yi: wace irin ƙanwa ce za ta tsaya a kotu ta nuna ɗan'uwanta da yatsa? Mata suna yin ta a bakin famfo, maza suna yin ta a bakin shago, kowa ya ƙare da Allah ya raba mu da butulu. Ba a taɓa jin wanda ya tambayi wane irin gida ne zai zauna ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya auna wa ke da masu tsaya masa, wa ba shi da su, ya zaɓi wadda hawayenta bai bushe ba ya tura ta gaba ta tare masa wuta. Mai binciken ta iya gano ɗakin da aka ce a cike yake alhali babu komai. Amma ba wanda ke aiko ta ta binciki kalmar "tamu ce", ta ga mene ne a ciki.

Inna ba ta sake juyowa ba har Auta ta tafi. Washegari da sassafe Auta ta dawo da ruwan zafi a filas da wankakken zani, don ta san babu wanda zai kawo.